Amsoshin Tambayoyinku: Fitilar LED a Jirgin Ruwa da Jabun Ƙwan Fitila a Kasuwa

Wasiƙun da suka taru a wannan makon yawancinsu daga bakin ruwa suka fito, daga Yauri da Bagudo da Shanga har zuwa madatsar Bakolori, kuma kusan duk magana ɗaya suke yi, wato hasken da ake kunnawa a jirgi da dare da batirin da ke ɗauke da shi. Na taƙaita tambayoyin saboda fili, sunaye kuma na ajiye su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Malam, ina da jirgin katako da nake dakon shinkafa da albasa da shi daga ƙauyukan bakin Neja zuwa kasuwar Yauri. A ƙarƙashin rumfar na ɗaura ƙwan fitila huɗu irin na birkin mota, suna cin wuta daga batirin mota mai lamba 70. Idan muka kwana a bakin ruwa muna jiran gari ya waye a sauke kaya, kafin tsakar dare hasken ya yi ja, batirin ya mutu. Yarana sun ce in sayi batirin tirela, wani kuma ya ce in koma LED. Wanne ya fi? Daga mai jirgi, Yauri.

Amsa: Alhaji, ka bar maganar batirin tirela, ka riƙe kuɗinka. Ƙwan birkin mota wat 21 yake ci, huɗu sun zama wat 84, idan kuwa aka raba wannan da bolt 12 na batirin za a ga amfiya 7 ake zuƙa a kowace awa. Batirin da aka rubuta wa 70 kuma, wato wanda a lissafi zai ba da amfiya ɗaya na tsawon awa 70, ba duka saba'in ɗin ne rabonka ba, domin batirin ruwa idan ana sauke shi ƙasa da rabi kullum ba ya yin ƙarko, balle na mota wanda aka ƙera shi domin ya tayar da inji cikin 'yan daƙiƙu a mayar masa da cajinsa nan take. Abin da za ka ci lafiya 35 ne, wato awa biyar. Tun da naka har mutuwa yake yi gaba ɗaya kafin sha biyun dare, alama ce ta cewa ya riga ya fara gajiya da wannan wahala.

Laifin na tsohon ƙwan ne. Irinsa yana haske ne ta hanyar gasa wani siririn zaren ƙarfe har ya yi fari, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci zafi take komawa, abin da yaranka suka sani sarai idan sun taɓa kai masa hannu. Ƙwan LED na ƙwarai mai wat 5 yana ba da hasken da ya yi kusa da na ƙwan birki guda. Huɗu wat 20 ke nan, ƙasa da amfiya 2, kuma rabin lafiyayyen batir irin naka zai riƙe su wajen awa 20. Kuɗin ƙwai huɗu masu kyau bai kama ƙafar kuɗin batirin tirela ba, ga kuma hutu daga ciccibar nauyinsa zuwa wurin caji.

Kafin ka ɗaura sababbin, ka kai batirin wurin mai rewaya a cika shi, a bar shi ya huta na 'yan awoyi, sannan a ɗora masa mita. Idan ya nuna 12.6 ko sama, yana da sauran rai. Idan bayan cikakken caji ya kasa riƙe 12, ya gama aiki, ka sayi wani daidai girmansa. Sannan ina roƙonka ka sa fiyus mai amfiya 5 a jikin jar waya kusa da kan batirin, ka kuma sa makunni na gaske. Na san yadda ake yi a jiragenmu, yaro ya ɗauki bakin waya tsirara ya murɗa a kan batir, tartsatsi ya tashi, ga jarkokin fetur a gefe suna fitar da tururi. Wannan ɗabi'a ta fi mutuwar batir haɗari nesa ba kusa ba.

Tambaya: Na ga ƙwan LED a kasuwa an rubuta wat 50 a kwalinsa, kuɗinsa bai kai na litar fetur ba. A wani shago kuma an nuna mini mai wat 5 wanda ya ninka shi kuɗi sau uku. Me zai sa in sayi ƙarami da tsada in bar babba mai araha? Daga matashi mai kwale-kwale, Bagudo.

Amsa: Ɗana, babu wat 50 a cikin wannan kwalin, kuma a nan zan ɗan tsaya, domin duk amfanin da na lissafa wa Alhaji a sama a wannan gaɓar yake salwanta. Fitilar LED da ke cin wat 50 na gaskiya tana zuƙar sama da amfiya 4 daga batir, kuma dole a yi mata gangar jiki ta alminiyam mai nauyi, mai haƙarƙari a baya, domin ta zubar da zafi. Abin da ka gani ƙwanƙon roba ne wanda idan ka ɗora a tafin hannu ba ka jin nauyinsa. Ka sayi ɗaya idan kana so ka tabbatar, ka kai wa mai rewaya ya auna amfiyar da yake ja, ku ninka da 12. Abin da ya fito shi ne wat ɗinsa na gaskiya, kuma za ka ga bai yi kusa da abin da aka buga a kwali ba. Wanda ya yi maka ƙarya a lamba tun daga waje, me kake zaton ya zuba maka a ciki?

Abin da ke ciki shi ne babban bambancin. Ƙwayar LED ba ta jure wuta mai hawa da sauka, batirin jirgi kuwa ba ya zama a bolt 12 cif. Idan ya cika ya huta yana kan 12.6, idan inji ko sola na cajinsa yana haurawa har 14.4. Ƙwan ƙwarai yana da ƙaramin allo a gindinsa mai daidaita wutar, ta yadda ko batir ya yi sama ko ya yi ƙasa, abin da ke shiga ƙwayoyin ba ya canjawa, kuma irinsa ne za ka ga an rubuta masa 10 zuwa 30 a wajen bolt. Na jabu ba shi da wannan allo, 'yan ƙananan ƙwayoyin rage wuta kawai aka liƙa masa, waɗanda aka lissafa su a kan 12. Da zarar wuta ta haura 14, abin da ke ratsa shi ya ƙaru sosai, ya ɗauki zafi, ba shi kuma da ƙarfen da zai zubar da zafin. Farin hasken LED asalinsa shuɗi ne. Masana uku daga Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, su suka samar da shuɗiyar ƙwayar, aka ba su lambar yabo ta Nobel a 2014 saboda ita, kuma rawayan shafen da kake gani a fuskar kowace ƙwaya shi yake mayar da shuɗin ya zama fari. Zafi yana cinye wannan shafen. Shi ya sa ƙwan jabu yake fara dusashewa, haskensa ya koma shuɗi-shuɗi, ɗigon baƙi ya fito a tsakiyar ƙwayoyin, ya shiga ƙyaftawa, sannan wata rana ya ɗauke. Awa dubu 25 ko dubu 50 da ake rubutawa a kwali gaskiya ce ga ƙwan da ke aiki cikin sanyi da daidaitacciyar wuta. Wanda ake gasawa kullum ba ya ganin ƙarshen damina.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne a shago na jabun ne yake burge mai saye. Da gangan ake tura masa wutar da ta fi ƙarfinsa domin ya kashe ido a minti ɗayan da mai shago zai gwada maka shi, kai kuma ka ce wannan ya fi haske, ka biya. Kada ka yarda da gwajin minti ɗaya. Ka sa a bar shi a kunne kamar minti goma, ka taɓa gindinsa. Idan akwai mota ko babur kusa, a jona shi a batirin, a tayar da inji a ba shi wuta. Ƙwan da haskensa ke ƙaruwa idan an taka totur ba shi da mai daidaita wuta, ka mayar musu da kayansu. Ka duba kuma lambar lumen, wadda ita ce ma'aunin haske na gaskiya. Ƙwan kirki yana ba da lumen 80 zuwa 100 ko ɗan sama a kowane wat, saboda haka mai wat 5 zai faɗi 400 zuwa 500. Idan ka ga ƙaramin ƙwai yana da'awar dubbai, ka san da maƙaryaci kake ciniki.

Ga kuma ruwa. Ƙwan da aka yi domin ɗaki ba zai rayu a jirgi ba, domin ko ba a yi ruwan sama ba, raɓa da feshin igiyar ruwa da damshin buhuna suna shiga duk inda iska ta shiga, su sa tsatsa a allon. Alamar IP65 tana nufin fitila na jure ƙura da feshin ruwa, IP67 kuma tana nufin za ta iya nutsewa zurfin mita ɗaya na rabin awa ba ta lalace ba. Amma mai buga wat 50 na ƙarya ba zai ji nauyin buga IP67 na ƙarya ba, saboda haka ka yi aiki da idonka. Ka duba ko akwai zoben roba tsakanin gilashi da gangar jiki, ka duba inda waya ta shiga ko an toshe shi da danƙo ko rami ne kawai a buɗe. Wayar ma kanta ba ta tsira ba. Kasuwa ta cika da wayar alminiyam da aka yi wa wankan jan ƙarfe, wadda ke riƙe wuta, ta yi zafi, ta kuma ruɓe ta zama gari idan ta sha damshi. Ka fere bakinta ka kankare da reza, idan farin ƙarfe ya bayyana a ƙarƙashin jan, ka ajiye ta. Ko ka kunna mata ashana, zaren alminiyam nan take yake lanƙwashewa ya zube, na jan ƙarfe kuwa ja yake yi ya tsaya.

Wani zai ce ai ƙwan fitila ne kawai, idan ya mutu a sayi wani. A gida haka ne, mutum ya laluba ya kunna tocila. A kan ruwa ƙwan yana mutuwa ne a lokacin da hadari ya taso, ana kwarfar ruwa daga cikin jirgi, ana neman igiya, ana ƙirga yara. Ɗan kasuwar da ya san abin da ke cikin kwalin, ya kuma san mai sayen masunci ne da zai shiga ruwa da shi, ya tuna cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Faɗin cewa haka aka kawo maka daga Kano ko Anaca ba hujja ba ce, tun da ka ga nawa ake dawo maka da su. Mu masu saye ma muna da namu kason laifin, domin mu ne muke shiga shago da kalmar "wanne ya fi araha" a baki, har masu kawo na ƙwarai suka gaji suka daina, saboda yana kwana a kanta. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma wanda ya sayi ƙwan jabu sau huɗu a shekara ya biya kuɗin gangariya ya ƙara, bai kuma samu hasken ba. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya tana nan, amma ba za ta tsaya a kan kowane teburi a kowace ranar kasuwa ba. Ka sayi kayanka a shagon da gobe ma za ka same shi a wurin, ka yi sharaɗin mayarwa a gaban shaida, ka sayi ƙwai ɗaya tak ka yi mako kana gwada shi kafin ka sayi saura, ka kuma rubuta ranar saye da maka a gindinsa domin kada a yi maka musu.

Tambaya: Ina so in ɗaura babbar fitilar LED irin doguwar nan ta saman mota a gaban jirgina domin in riƙa ɗaukar fasinja bayan isha'i ranar kasuwa. Mai wat nawa zan saya? Daga direban jirgi, Ngaski.

Amsa: Ba zan faɗa maka ko wat ɗaya ba. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta sha nanata haramcin jigilar fasinja da dare, kuma kai da kake wannan yankin ka fi ni sanin dalili. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya rufe gonaki da itatuwa, kututtura suna nan a ƙarƙashi, kuma babu fitilar da ke nuna abin da ke cikin ruwa mai laka. Hasken yana dukan fuskar ruwa ne ya dawo maka a ido, ya hana ka ganin ko abin da da za ka iya hangowa da hasken wata. Jirgin da ya nutse kusa da Wara a watan Mayun 2021, wanda ya jefa gidaje masu yawa cikin makoki, da safe ya nutse, ido na ganin ido. Idan rana ba ta ceci jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima ba, ka yi tunanin dare. Ka kwana da fasinjanka a bakin ruwa, ku tashi bayan asuba.

Tambaya: Ni ɗan Argungu ne, ina aiki a Legas ina kula da jirgin ruwan maigidana, irin mai tafiya da iska, mai dogon sanda da ƙyalle, yana da ɗaki a ciki. Akwai ƙananan ƙwai takwas masu wat 10 a ɗakin, masu zafi sosai, kuma idan muka kwana a kan ruwa suna shanye batir. Maigida ya ce in nemo LED in canja duka har da fitilun waje. Ina tsoron in yi ɓarna a kayan mutane. Daga ma'aikacin jirgi, Legas.

Amsa: Malam, tsoron nan naka shi ne alamar ka cancanci amanar da aka ba ka, kuma aikin cikin ɗakin ba shi da wuya. Waɗannan ƙananan ƙwai na halojin ne masu ƙafa biyu sirara, ana kiran gindinsu G4. Takwas suna cin wat 80, kusan amfiya 7, a jirgin da idan ya tsaya babu injin da ke mayar masa da caji. LED mai wat 2 zai maye gurbin kowanne, jimla wat 16, kuma rufin ɗakin zai daina ɗaukar zafi. Ka cire ɗaya ka tafi da shi shago tare da awon faɗin gidan fitilar, domin akwai mai ƙafa a gefe, akwai mai ƙafa a baya, kuma faifan LED ya fi tsohon ƙwan faɗi. Ka nemi mai bolt 10 zuwa 30 kamar yadda na bayyana a sama. Idan ka sa bai kama ba, ka cire ka juya ƙafafun kafin ka ce ya lalace, domin wasu ta fuska ɗaya kawai suke karɓar wuta. Idan akwai maɓallin rage haske a ɗakin, sai ka tabbatar ƙwan irin wanda ke yarda a rage shi ne, in ba haka ba zai yi ta ƙyaftawa. Wajen launi, ka zaɓi mai lamba 2700K zuwa 3000K, wanda haskensa ke da ɗan rawaya kamar na tsohon ƙwan, domin mai 6500K fari ne fat mai gajiyar da ido a ƙaramin ɗaki. Kusa da inda matuƙi ke duba taswira a sa ja guda ɗaya, saboda ido yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, farin haske kuwa nan take yake rushe wannan sabon.

Abu biyu zan ja maka kunne a kansu. Na farko rediyon jirgin. Allon daidaita wuta idan ba a yi shi da kyau ba yana fitar da ƙarar da ke toshe rediyon kiran agaji, har rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka ta fitar da gargaɗi a kan haka a 2018. Gwajin mai sauƙi ne. Ka kashe fitilu duka, ka kai rediyon tashar da ba a magana, ka murɗa maɓallin kashe shuu ɗin har ya yi shiru da ƙyar, sannan ka kunna fitilun ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya dawo da ƙara, ka cire shi. Masu sauraron labarai a gajeren zango a cikin kwale-kwale su ma su lura, domin sau da yawa ƙwan da ke rataye kusa da rediyon ne ke cinye musu tasha.

Na biyu fitilun waje, kuma a nan ka gaya wa maigida ya dakata. Dokar hana karo a teku ta 1972 ta ajiye ja a hagun jirgi, kore a dama, fari a baya, kowanne da nisan da dole a hango shi da kusurwar da zai haska, domin da su ne matuƙin wani jirgi yake gane inda kuka dosa. An yi gilasan nan ne domin tsohon ƙwai. Idan aka cusa farin LED mai sanyin launi a bayan jan gilashi hasken yana raunana, a bayan kore kuma yana komawa shuɗi. A sayi cikakkiyar fitilar LED da aka ƙera domin wannan aiki, mai takardar shaida, a canja gidan gaba ɗaya. Sannan ruwan Legas na gishiri ne, ba irin na kogin Matan Fada na Argungu ba, saboda haka duk mahaɗin da ka buɗe ka shafa masa ɗan man giris kafin ka rufe.

Tambaya: Ina son zaren fitilu masu canja launi, ja da kore da shuɗi suna walƙiya, in zagaye jirgina da su domin kwalliya. Daga saurayi, Yauri.

Amsa: Jirgi ba ɗakin amarya ba ne. Ja da kore suna da ma'ana a kan ruwa, mai walƙiya kuma yana ruɗa wanda ke tahowa, ya kashe maka naka idon, ya shanye batirin da za ka nema idan inji ya tsaya. Ka sayi igiya mai kyau da kuɗin.

Wanda kuma ya tambaya daga Koko ko zai sayi inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, domin ya kunna ƙwan gida mai bolt 220 a jirgi, amsarsa a'a. Inbata tana cin nata rabon wutar ko babu abin da aka jona mata, kuma wutar gida a cikin jiƙaƙƙen jirgi, inda mutane ke tsaye ba takalmi, kisa take yi. Ƙwan bolt 12 yana nan a kasuwa, har da mai gindi irin na gida.

Tambaya: Malam, 'ya'yana biyu suna fita su da dare a ƙaramin kwale-kwale tun rasuwar mahaifinsu. Fitilar waya kawai suke haskawa, wani lokaci aci-balbal. Ba na barci sai sun dawo, musamman da na ji jiragen inji suna ratsawa ta wurin. Na ɗauki adashina, ina so in saya musu abin da ya dace, amma ban san kan waɗannan kaya ba, ina tsoron a cuce ni. Daga uwa, Shanga.

Amsa: Inna, Allah ya jiƙan mahaifinsu, ya raya miki su, ya sa albarka a wannan adashi. Tambayarki ta fi duk na yau muhimmanci, kuma kuɗinki zai isa idan aka bi da shi daki-daki. Ki fara da rigar ceto guda biyu, irin mai ɗauri a ƙirji, ki kuma sa su yi miki alkawarin sawa, domin iya iyo ba ya hana mutum gajiya ko buguwa a kai. Bayan wannan sai fitila fara guda ɗaya mai caji, wadda ke haska kowane ɓangare, a ɗaure ta a kan gora ta ɗara kan mutum idan yana zaune. Aikinta shi ne direban jirgin inji ya hango su tun daga nesa ya kauce, kuma ba sai mai tsananin haske ba, abin da ake so ta kwana a kunne. Sannan kowannensu ya samu fitilar goshi, domin hannu biyu su zauna a kan taru da filafili. Idan akwai zaɓi a ɗauki mai ɗan rawayan haske, saboda farin nan mai shuɗi-shuɗi ya fi tara ƙwari a fuska. Aci-balbal a bar ta a gida, iska tana kashe ta a lokacin da aka fi bukatarta.

Game da tsoron cuta, kada ki je ke kaɗai, kuma kada ki ji kunyar tambaya. Ki tafi da babban ɗan naki ko wani dattijo daga cikin masunta wanda fitilarsa ta shekara tana aiki, a sayi irin tasa a inda ya saya. A buɗe murfin wurin caji a gabanki a ga ko yana da roba mai rufewa gam. Idan mai shago ya ce ba ta jin ruwa, a ce ya tsoma ta a bokiti tana kunne, mai kayan gaskiya ba zai ƙi ba. Idan an kai gida a cika ta da caji, a kunna ta tun magariba a tsakar gida, ki ga da idonki ko za ta kai asuba, tun kafin a dogara da ita a kan ruwa. Abin da ya rage na kuɗin a sayi ƙaramar tocila ta ajiya, a ƙulle ta a leda a ɗaure a jikin kwale-kwalen. Ki gaya musu kuma idan jirgi ya nufo su, su haska jikin kwale-kwalensu ko su kaɗa fitilar sama da ƙasa, kada su dalle wa direban ido.

Tambaya: Ina su a dam ɗin Bakolori. Na jona ƙaramin faifan sola kai tsaye a kan batir, ƙwai kuma a kan batirin. Ƙwai uku sun ƙone, batirin yana zafi yana shanye ruwansa. Daga masunci, Maradun.

Amsa: Malam, a wannan karon ba lallai ƙwan ne mai laifi ba. Faifan da ake kira na bolt 12 yana aiki ne a wajen 18, idan babu abin da ke jansa kuma yana haura 20 da tsakar rana. Idan batir ya cika babu mai tsayar da cajin, sai ya yi ta tafasa, wutar da ke kansa ta haura abin da ƙwai zai jure. Ka sayi kwantirola mai amfiya 10, wato na'urar da ke tsayar da caji idan batir ya cika, kuɗinta bai kai na batirin da kake shirin kashewa ba. Wajen haɗawa ka fara jona batir, sannan faifan, ƙwai kuma ka ɗauke su daga ramukan da aka yi wa hoton fitila, domin ta nan ne take yanke wuta da kanta idan batir ya yi ƙasa. Ruwan da batirin ya shanye a cika shi da ruwan batir tatacce, kada a zuba masa na dam ko na rijiya, kuma a ajiye kwantirolar a cikin akwatin roba inda feshi ba ya kai mata.